Injin yankan ciyawa mai haidirolik ya rage ƙarfi: sabis, gyaran famfo a gida, gyararre ko sabo?

Alamar kusan iri ɗaya ce a duk injin yankan ciyawa na sana'a, irin mai hannayen tuƙi biyu da ke juyawa a wuri ɗaya. Da safe yana tafiya lafiya lau. Bayan minti 30 ko 40, da mai ya ɗau zafi, sai gefe ɗaya ya fara jan ƙafa, injin ya riƙa karkata, in an zo tudu kuma ya tsaya yana kuka. A nan mai injin yake rasa ta cewa: wani ya ce masa famfo ne ya mutu, wani ya ce mai kawai zai canza, wani ya ce ya buɗe ya sa sababbin sil, wato robobin da ke hana mai yoyo.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: cikakken sabis, buɗe famfo ko moton taya ka gyara da hannunka, sayen gyararre ko na hannu, da sayen sabo. Kowace tana da inda ta dace. Abin da ke raba su ba aljihu kaɗai ba ne, abin da ka gani a cikin man da ka zubar ne, kuma za mu daɗe a kan wannan.

Wane irin tsari ke ƙarƙashin injinka?

Kowace tayar baya tana da nata tsarin. Inji yana juya famfo ta hanyar bel, famfo yana tura mai da ƙarfi zuwa moton da ke juya taya, man ya komo famfo kai tsaye. Hannun tuƙi yana karkata wani faranti ne a cikin famfon. In farantin ya karkata gaba, fistin suna tura mai ta gefe ɗaya, taya ta yi gaba. In ya karkata baya, ta yi ribas. In yana tsaye daidai, ana firi. Akwai kuma ƙaramin famfo a bayan babban, mai janyo mai daga tanki ta cikin filta, yana cike gurbin wanda ya zurare. Shi za mu riƙa kira famfon ciyarwa.

Tsarin yana zuwa iri biyu. A manyan injina famfo daban, moton taya daban, tiyo ne ke haɗa su, kamar famfunan Hydro-Gear masu girman 10cc, 12cc, 16cc ko 21cc da moton Parker. A wasu kuma an haɗe komai cikin kwanso ɗaya, kamar Hydro-Gear ZT-2800, ZT-3100 da ZT-3400, ko na Tuff Torq. A tsarin rabe kana iya canza abin da ya lalace kaɗai. A haɗaɗɗe, mai ɗaya ke wanke famfo da moto da giya, don haka ɓarnar ɗaya tana shafar sauran. Akwai kuma ƙananan haɗaɗɗu irin EZT da aka rufe ba filta a waje ba wurin zubar da mai. Waɗannan na injinan gida ne, kuma lissafinsu ya fi karkata ga canzawa gaba ɗaya.

Ma'aunan da za a auna da su

Kuɗi: ba kuɗin kaya kaɗai ba. A haɗa da mai, filta, kayan aikin da za ka saya don aikin, da kwanakin da injin zai yi a ajiye lokacin da ciyawa ke tsiro.

Ƙarko: awa nawa gyaran zai ba ka kafin matsalar ta dawo.

Sauƙi: kayan aiki, tsabtar wuri, da gwanintar hannu da ake buƙata.

Haɗari: iri biyu ne, na lalata kaya da na jikinka. Na biyun ya fi muhimmanci. Man da ke fita ta ƙaramar huda a tiyo yana iya huda fata tun daga matsin psi 100 (psi ma'aunin matsi ne), alhali waɗannan injina suna aiki da dubbai. Kada ka taɓa neman yoyo da yatsa, ka riƙe kwali ka bi tiyon da shi. In mai ya shiga ƙarƙashin fata, ko da wurin ya yi kamar tsinin allura kuma ba ya ciwo, aikin tiyata ne na gaggawa cikin 'yan awanni, kuma a gaya wa likita irin man da ya shiga. Haka nan ba a shiga ƙarƙashin injin da jak kaɗai ke riƙe da shi. A sa ƙafafun ƙarfe na tokare, a kashe wuƙaƙe, a cire hular fulogi duk lokacin da hannu zai je kusa da bel.

Kafin ka zaɓa: binciken da ba ya cin kuɗi

Injina da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwar famfo, matsalarsu a waje take. Fara da bel ɗin da ke juya famfo. In ya yi sheƙi, ya tsattsage, ko mai ya ɗiga masa, zai riƙa zamewa da zarar an ɗora masa nauyi, kuma zamewar tana ƙaruwa da zafi, daidai da alamar famfon da ya gaji. Duba sifirin da ke ɗame shi. Kama fulin da ke kan famfo ka girgiza, domin haƙoran cikinsa ko makullinsa suna cinyewa, fuli ya riƙa juyawa shaf na tsaye. Duba fankar sanyaya, ko fukafukanta sun karye, ko busasshiyar ciyawa ta toshe jikin kwanson. Tabbatar bawul ɗin sakin taya, wanda ake buɗewa in za a tura injin da hannu, a rufe yake ruf. Ɗan buɗewarsa kaɗan ya isa ya cinye ƙarfin gefe guda. Sai birki, ko yana riƙewa, sai iskar tayoyin baya, domin bambancin iska kaɗai yana sa inji ya karkata.

Bayan wannan sai mai. Zubar da shi cikin tsabtataccen kwano, ka kai shi rana.

In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. In yana kumfa, iska ce ke shiga, galibi ta tiyon da ke tsakanin tanki da famfo, ko kuma mai ya yi ƙasa. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya dafa shi. Duk waɗannan ukun sabis yana iya magance su. Na huɗun shi ne mai yanke hukunci: ƙyalƙyalin ƙarfe. Ja maganaɗisu a cikin man. Ɗan laushin toka-toka a jikinsa abu ne da aka saba gani a tsohon inji. Amma ɓarɓashin da yatsa ke ji, ko ƙyalli irin na alminiyam ko tagulla da maganaɗisu ba ya kamawa, yana nufin wani abu a ciki yana cin ɗan'uwansa. Yanka tsohuwar filta ka buɗe takardarta ka duba, amma ba da zarto ba, don zarto zai zuba nasa ɓarɓashin ya ruɗe ka.

Dalilin da ya sa ƙarfe a mai ya zama babbar magana shi ne wurin da filta take. Tana tace man da ke fitowa daga tanki ne zuwa famfon ciyarwa. Man da ke zagayawa tsakanin famfo da moto ba ya bi ta cikinta. Duk ɓarɓashin da famfo ya zubar, moto yake tafiya, daga moto ya komo famfo. Wanda ya sa sabon famfo ya bar tsohon moto da tsofaffin tiyo ba wanki, ya ɗora sabon kayansa a kan hanyar da tsohon ya bi.

A tsarin rabe, hanyar da ta fi tabbas wajen gane ko famfo ne ko moto ita ce mitar awon gudun mai, mai bawul ɗin matsewa. Ana cire tiyo biyun daga moto a haɗa su da mitar. A yadda Hydro-Gear ke gwada famfunanta, ana ɗaga matsi zuwa psi 300 a rubuta gudun mai, a ɗaga zuwa psi 1100 a sake rubutawa, a ɗebe. A famfon 10cc, in faɗuwar ta wuce galan 1.5 a minti, wato kusan lita 5.6, famfon ya gaji. In famfo ya ci jarrabawa kuma taya ba ƙarfi, ido ya koma kan moto. Mitar tana da tsada ga mai inji ɗaya. Biyan gareji kuɗin wannan gwajin kaɗai, sannan ka yi sauran aikin a gida, ya fi sayen kaya bisa zato nesa ba kusa ba.

Zaɓi na ɗaya: cikakken sabis

Shi ne mafi arha, kuma ko wane zaɓi ka ɗauka daga baya, sai ka yi shi. A ZT-2800 da ZT-3100, ƙa'idar kamfani ita ce canjin farko tsakanin awa 75 zuwa 100, daga nan duk awa 400, da man inji 20W-50, kusan lita 2 a kowane gefe. Wasu masu ƙera injin suna son 15W-50 na sintetik. Abin da littafin injinka ya ce shi za ka bi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba siririn man haidirolik na tarakta ko na jak a tsarin da aka yi don man inji mai kauri. Da ya yi zafi sai ya tsinke, ya riƙa zurarewa ta gefen fistin, inji ya rasa ƙarfi ba tare da komai ya lalace ba tukuna. Filta ma haka. Ta man inji tana iya ɗauruwa a wurin, amma cikinta ba ɗaya ba ne, kada a musanya.

Wanke kewayen filta da murfin tanki kafin ka kwance komai. Shafa mai a robar sabuwar filta, ka ɗaure da hannu. A haɗaɗɗun ZT akwai noti a saman kwanso da ake cirewa lokacin cikawa, don iska ta fita. Ana zuba mai ta tanki har sai ya leƙo ta wannan ramin, a mayar da notin, sannan a cika tanki zuwa layin sanyi. Kada a wuce layin, mai yana kumbura da zafi.

Sai fitar da iska, matakin da mutane ke tsallakewa su ce sabis bai yi amfani ba. Ɗaga tayoyin baya sama. Buɗe bawul ɗin sakin taya. Tayar da inji, ka tura hannayen tuƙi gaba da baya a hankali sau 5 ko 6. Tayoyi ba za su juya ba, haka ake so. Rufe bawul, ka sake yi sau 5 ko 6, yanzu tayoyi za su juya. Kashe inji, duba mai, ƙara. Maimaita har kukan ya lafa, gudun gaba da na baya su dawo daidai. Wani lokaci sai an yi zagaye uku.

In matsalar injin ita ce yana rarrafe alhali hannaye suna firi, wannan saiti ne na sandar da ke haɗa hannu da famfo, ana yin sa tayoyi na sama. Ba ya buƙatar buɗe komai.

Ƙarkon sabis ya danganta da abin da ya jawo matsalar. In ruwa ne, ko iska, ko man da bai dace ba, ko bel, an gama. In fuskokin ciki sun riga sun karce, sabon mai mai kauri zai ɓoye matsalar na ɗan lokaci, sannan ta dawo. Haɗarinsa kaɗan ne, in dai ba a bar ƙasa ta shiga ba.

Zaɓi na biyu: buɗewa a gyara a gida

Aiki biyu ne ake kira da suna ɗaya, kuma ya kamata a raba su.

Na farko canjin sil da zoban roba. Wannan maganin yoyo ne na waje: mai na ɗiga ta shaf ɗin da fuli ke kai, ko ta hannun da ke karkata faranti, ko ta shaf ɗin taya. Kayan ba su da tsada, kuma sil ɗin shaf sau da yawa ana canza shi ba tare da an wargaza famfo ba. Naɗe haƙoran shaf da salatif kafin ka zura sabon sil, in ba haka ba za su yanke leɓensa. Duba inda tsohon sil ya zauna. In ya ci rami a jikin shaf, ko shaf yana girgiza saboda boris ya mutu, sabon sil ba zai daɗe ba. Abin da ya kamata a sani sarai shi ne sil ba ya dawo da ƙarfi. Injin da ke sanyin jiki in ya yi zafi, yoyonsa na ciki ne, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda babu roba.

Na biyu shi ne gyaran ciki na gaske. Wurin da ƙarfi ke ɓacewa shi ne inda gidan fistin ke juyawa a kan farantin bawul, ko a kan fuskar tsakiya, wato ƙarfen da ke haɗa famfo da moto a haɗaɗɗen tsari. Fuskokin biyu a goge suke sumul, siririn mai ne kawai a tsakaninsu. Ja farcenka a kai. In farce ya maƙale a wani karce, kayan ya tashi aiki. Ana canza gidan fistin da fistin ɗinsa da sifirinsu a matsayin saiti ɗaya, tare da farantin bawul ko fuskar tsakiya, da boris ɗin da fistin ke dannawa, da famfon ciyarwa in ya karce.

Wasu suna goge karcen da jiƙaƙƙiyar sanfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri. Yana aiki in karcen ɗan sama-sama ne kuma hannu ya iya, ana juya kayan ana bin siffar 8 don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. A kan injin da ake neman abinci da shi, ban ga hikimarsa ba sai in kayan canji sun gagara samuwa. In fuskar ta ɗan karkace ko gefunanta suka yi kwana, garin neman gira an rasa ido, domin yoyon zai fi na da.

Kurakuran da ke kashe wannan aiki sanannu ne, kuma duk na haɗawa ne:

- Murfin famfon ciyarwa yana zama ta fuska biyu, amma ɗaya ce daidai. Yi masa alama kafin ka cire. In ka juya shi, ba zai ja mai ba, inji ba zai motsa ba, famfo kuma zai ci kansa a bushe.
- Ƙananan bawul biyun da ke shigar da man famfon ciyarwa cikin babban famfo sun yi kama, amma a famfuna da yawa ɗaya yana da 'yar huda. Kowanne ya koma raminsa.
- Boris ɗin faranti yana da zobe mai kauri da mara kauri. A famfunan Hydro-Gear mai kaurin ne ke fuskantar fistin.
- Fistin suna zubowa in aka kifa gidansu ba a tare su ba, kuma wanda ya faɗi a siminti ya samu tabo.
- Notocin murfi ana ɗaure su bi da bi a gicciye, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, zuwa adadin da littafi ya faɗa. Kwanson alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo.

Tsabta kuwa ita ce rabin aikin. A wanke bayan famfo tas kafin a buɗe, a toshe bakin kowane tiyo, a yi aiki a kan tebur mai shimfiɗa, ba tsumma mai zubar da zare. Kowane kaya a jiƙa shi da sabon mai kafin ya shiga, a kuma cika kwanson famfo da mai kafin a tayar da inji.

Moton taya yana da nasa wahalar. Kan da taya ke ɗaure a jiki yana zaune a kan shaf mai tsini, kuma yana kamawa ƙam. Da ƙarfen zarowa mai ƙarfi ake cire shi. Dukan shaf da guduma yana fasa boris da kayan ciki. Moton kansa faranti-faranti ne a jere, don haka ja layi a jikinsa daga sama zuwa ƙasa kafin ka kwance. Wasu motocin suna da saitin da in aka kuskure shi, taya za ta riƙa juyawa baya. Canjin sil a moto yana da ma'ana. Amma in abin juyawar cikinsa ya cinye, kuɗin kayan yakan matso kusa da na sabon moto, sai gyaran ya rasa riba.

Kuɗin wannan zaɓi matsakaici ne, in dai kwanso da shaf lafiyarsu ƙalau. Kafin ka yi oda, jera duk abin da za a canza ka haɗa kuɗinsu. In jimlar ta haura rabin kuɗin sabo, a ganina sabon ya fi, domin yana zuwa da garanti, aikin hannunka kuwa ba ya da shi. Gyaran da aka yi da kayan asali cikin tsabta yana iya daɗewa kusan kamar sabo. Wanda aka yi a cikin ƙura ba ya kai ƙarshen kaka.

Zaɓi na uku: gyararre ko na hannu

Gyararren da ya fito daga ƙwararrun masu gyaran haidirolik, wanda aka canza masa kayan ciki aka gwada shi a kan benci da matsi, abu ne mai kyau. Tambayoyi uku za su nuna maka ko na gaske ne: me aka canza a ciki, an gwada shi da nauyi ko juya shi kawai aka yi, kuma garantin wata nawa ne a rubuce. Da yawa suna karɓar tsohon naka su rage maka kuɗi, don haka kada ka wargaza shi ka zubar da kayan kafin ka yanke shawara.

Na hannu da aka ciro daga mataccen inji wani abu ne daban. Arha ne, amma ba ka san awannin da ya yi ba, kuma famfon da ya gaji yana juyawa sumul a hannu kamar lafiyayye. In ba makawa, ka nemi wanda ka ga yana aiki a jikin injinsa da zafinsa, ko wanda aka ciro daga injin da wani abu daban ya kashe shi. Wanda aka ajiye bakinsa a buɗe ba toshi, ƙura da ruwa sun riga ka.

Ɗaurawa ba ta da wuya: noti, tiyo, fuli, sandar tuƙi, mai, fitar da iska, saitin firi. Yi wa kowane tiyo alama kafin ka cire, in ka musanya su hannun gaba zai zama na baya.

Zaɓi na huɗu: sabo

Shi ne mafi tsada a ranar saye, mafi sauri wajen komawa aiki. Abin lura a nan shi ne lamba. Famfuna biyu masu girma ɗaya suna iya bambanta ta gefen da hannun faranti yake, ta alkiblar juyawa, ta irin shaf, ta bawul ɗin ciki. Na hagu da na dama ma ba lallai su zama ɗaya ba. Karanta lambar da ke manne a jikin famfon ko kwanson kansa, da ita za ka yi oda, ba da sunan injin kawai ba.

Akwai na kwaikwayo masu arha da ke kama da na asali. Wasu suna aiki, amma ingancinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma samun kayan gyaransu daga baya yana wuya. Ga injin da ke aiki awanni da yawa kullum, ragin kuɗin bai kai haɗarin ba.

In ƙarfe ya fito a mai, sabo yana nufin famfo da moto na wannan gefen tare, da wanke tanki, da wanke tiyo ko canza su, da sabuwar filta. In gefe biyun tanki ɗaya suke sha, a sa ido a kan ɗaya gefen, kuma a sake canza filta bayan ɗan aiki kaɗan. Sabon tiyo ya kasance mai jure matsin da aka rubuta a jikin tsohon ko fiye, a kuma wanke cikinsa, domin yankan tiyo yana barin garin roba da na waya. Wani abu kuma: sabon gefe ɗaya yakan fi tsohon gefen gudu, sai an daidaita sandunan tuƙi kafin injin ya miƙe.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Cikakken sabis | Kaɗan | Mai kyau in ciki bai karce ba | Mai sauƙi, rabin yini | Kaɗan |
| Canjin sil kawai | Kaɗan | Mai kyau ga yoyo, ba ya dawo da ƙarfi | Matsakaici | Yanke sil, shigar datti |
| Gyaran ciki a gida | Matsakaici | Ya danganta da tsabta da kayan asali | Mai wuya | Babba, ba garanti |
| Gyararre mai garanti | Matsakaici zuwa sama | Mai kyau | Matsakaici | Ya danganta da mai gyaran |
| Na hannu | Kaɗan zuwa matsakaici | Ba tabbas | Matsakaici | Babba |
| Sabo na asali | Mafi tsada | Mafi daɗewa | Matsakaici | Kaɗan, in an wanke tsarin |

Wanne ya dace da wa?

In man ya fito ba ƙarfe, ko an daɗe ba a canza shi ba, ko ba ka san irin wanda aka zuba ba, yi sabis, canza bel in ya gaji, ka gwada injin da zafinsa a kan tudu kafin ka sayi komai.

In ƙarfi yana nan, ɗiga kawai kake gani, canjin sil ya wadatar, bayan ka tabbatar shaf ba ya girgiza.

In ƙarfi yana faɗuwa da zafi, man ba ɓarɓashi sosai, kana da wuri mai tsabta da littafin gyara da sifana mai awo, kuma injin zai iya hutawa mako ɗaya ko biyu ana jiran kaya, gyaran ciki a gida ya dace da kai. Lokacin da ciyawa ta daina tsiro shi ne lokacinsa. Wanda bai taɓa buɗe famfo ba, ya fara da na tsarin rabe, ya fi haɗaɗɗe ƙarancin kaya.

In inji ɗaya gare ka kuma masu ba ka aiki suna jiranka, sa sabo ko gyararre mai garanti, ka ajiye tsohon ka gyara shi a nitse ya zama na ko-ta-kwana. Mai injina da yawa iri ɗaya ma wannan tsarin ya fi masa, kuma shi ne wanda sayen mitar awon mai zai biya shi.

In man ya fito da ɓarɓashi mai yawa, famfo da moto na gefen tare, ko haɗaɗɗen gaba ɗaya, da wankin tsarin duka.

In kuma injin ya tsufa ta ko'ina, kwanon wuƙaƙe ya ruɓe, inji yana shan mai, firam ya tsage, kada ka zuba masa kuɗin sabon famfo. Na hannu da ka gani yana aiki zai iya kai shi ƙarshen kaka, kuɗin da ya rage kuma ya tafi ga injin da zai maye gurbinsa.